Rumbun Ƙwai na Ɗiya Mace: Don Me Haihuwa Ke Raguwa da Shekaru?

Darasin lafiya na wannan fitowa ya shafi mata. Amma muna roƙon maza su ma su karanta shi, domin su ne suka fi saurin yanke hukunci in haihuwa ta yi jinkiri a gida.

Kowa ya lura da wannan: mace mai shekara 22 ba ta cika daɗewa ba take samun ciki. Mai shekara 38 tana iya jiran shekara guda ko biyu. Mai shekara 45 kuwa, da wuya. In haka ta faru, sai a shiga neman mai laifi. Wasu su ce kishiya ce ta yi sammu. Wasu su ce iska ce ta shiga tsakani. Wasu su ce ƙwayoyin likita da ta sha ne suka ƙone mata mahaifa. A sayar da akuya, a sayar da hatsin ci, a kai wa boka. Aure ma yana mutuwa a kan wannan. Alhali dalilin yana cikin halittar kowace ɗiya mace, kuma masana sun gano shi. Haihuwa kyautar Allah ce. Sanin yadda Ya tsara ta cikin jiki ba ya rage wa kowa imani.

Gidan ƙwai

A cikin marar mace akwai mahaifa, inda ɗa ke kwanciya. A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai waɗansu gaɓoɓi biyu, kowace girmanta kamar dabino babba. Su ake kira gidan ƙwai. Tsakanin kowane gidan ƙwai da mahaifa akwai wata siririyar hanya da ƙwai ke bi. A cikin hanyar nan ƙwan mace ke gamuwa da ƙwayar maniyyin namiji. In sun haɗu, sai su gangara mahaifa, ciki ya kama.

Ƙwan mace ba shi da ɓawo irin na kaza. Ƙanƙane ne ƙwarai: in aka jera 10, wajen milimita 1 kawai za su kai. Shi ya sa mutane suka daɗe ba su san da shi ba. Sai a shekarar 1827 wani masani a Turai, mai suna Karl Ernst von Baer, ya gano irin wannan ƙwai a jikin karya, da taimakon madubin ƙara girma. Kowane ƙwai yana kwance cikin ƴar jakarsa, wadda ke ciyar da shi, tana kuma kare shi.

Rumbun da aka cika sau ɗaya

Jikin namiji yana yin sababbin ƙwayoyin maniyyi kowace rana, miliyoyi, tun daga balaga har tsufa. Kamar lambu ne mai rijiya: a ɗebe yau, gobe wani ya tsiro.

Mace ba haka take ba. Ita rumbu ce da aka cika sau ɗaya tak, aka rufe. Kuma tun tana cikin cikin uwarta aka cika shi. Lokacin da cikin ya kai wata 5, ƴar tayin tana da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Daga nan ba a ƙara ko ɗaya, sai raguwa. Ranar da aka haife ta, saura miliyan 1 zuwa 2. Ranar da ta fara haila, saura wajen 300,000 zuwa 400,000. A shekara 37, saura wajen 25,000. In suka ragu zuwa wajen 1,000, haila sai ta ɗauke.

Waɗannan lambobi suna da nauyi a kai. Bari mu auna su da hatsi, mu ɗauki kowane ƙwai a matsayin ƙwayar hatsi guda. Tiya ɗaya tana ɗaukar ƙwayar hatsi wajen 300,000. To, ƴar tayi mai wata 5 tana da tiya 20. Jaririya tana da tiya 3 zuwa 6. Budurwar da ta fara haila tana da tiya 1, ko da ɗan ƙari. Mai shekara 37 tana da kofi guda. Wadda hailarta za ta ɗauke, abin da ya rage mata bai cika babban cokali ba. Wannan misali ne na ƙidaya kawai, domin ƙwan mace ya fi ƙwayar hatsi ƙanƙanta nesa.

Akwai abin mamaki a nan. Ƙwan da aka halicce ka da shi, mai karatu, ya samu tun lokacin da uwarka take cikin cikin kakarka. Wato kakarka ta ɗauki rabin irinka a jikinta, tun ba a haifi uwarka ba.

Ina sauran suke tafiya?

A duk rayuwarta, mace ba ta sakin ƙwai fiye da 400 zuwa 500, guda a kowane wata. Da awon hatsinmu, cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan. To, ina sauran tiya guda ta tafi?

Ƙwayayen suna barci ne cikin jakunkunansu. Kowace rana waɗansu suna farkawa, su fara girma. Wanda ya farka ba ya komawa barci. A kowane wata, gungu guda yana shiga tsere. Ɗaya ya fi sauran girma, jakarsa ta fashe, ya fito. Sauran su shanye, jiki ya haɗiye su, mace ba ta ji komai ba. Manomi ya san irin wannan: ana zuba iri da yawa a rami guda, in ya tsiro a cire, a bar mai ƙarfi. In aka yi lissafi, mace tana rasa ƙwai wajen 1,000 a kowane wata.

Wannan raguwa ba ta tsayawa. Tana gudana tun yarinya ba ta balaga ba. Tana gudana lokacin da mace take da ciki, da lokacin da take goyo, ko da ba ta ganin haila. Saboda haka maganar da ake yi cewa wance ta haihu 10, ta ƙare ƙwanta, ba daidai ba ce. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba ma rumbunta yana raguwa kamar na kowa.

Haka nan maganar ƙwayoyin tsarin iyali. Ƙwayoyin suna hana ƙwan wata ya fito. Ba su ƙone ƙwai, ba su kuma adana shi. In mace ta fara sha tana da shekara 33, ta bari tana da 39, ta ga ciki ya yi jinkiri, sai a ɗora wa ƙwayoyin laifi. Shekara 6 ɗin da suka wuce ne suka yi aikin. Allurar wata 3 tana da nata hali: bayan an bar ta, haihuwa tana iya jinkirin waɗansu watanni, wani lokaci har wajen shekara, sannan ta dawo.

Iri ma yana tsufa

Raguwar yawa rabin magana ce. Rabin da ya fi muhimmanci shi ne tsufan ƙwan kansa. Duk wanda ya taɓa shuka irin da ya kwana shekara 4 a rumbu ya san abin da muke nufi. Ga ido lafiya yake. A ƙasa kuwa, rami 10 sai 3 su tsiro. Ƙwan da mace mai shekara 40 ta saki, ya yi shekara 40 yana jira.

Mene ne ke lalacewa a cikinsa? Sai mu bi a hankali.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta. A cikin kowace akwai zare 46, waɗanda masana ke kira kuromozom. Mu kira su zaren gado, domin su ke ɗauke da kamanni, da launin fata, da tsarin ginin jiki duka. Ɗa yana samun 23 daga uwa, 23 daga uba. Don haka dole ƙwai ya raba zarensa biyu, ya riƙe 23 daidai, ya zubar da sauran. (Cikin 23 na uba ne zaren da ke sa a haifi namiji ko mace yake. Wanda ke fushi da matarsa don ta jera ɗiya mata, ya san da wannan.)

Aikin rabon nan yana farawa tun yarinya tana cikin cikin uwarta. Sai ya tsaya a tsakiya. Ba ya ci gaba sai a watan da ƙwan zai fito, ko bayan shekara 15 ne, ko bayan 45. A duk tsawon jiran nan, zarurrukan suna ɗaure biyu-biyu da waɗansu ƙananan ƙulle-ƙulle, masu suna kohezin. An ɗaura su tun farko. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ba a sabunta su.

Ku tuna da damin hatsi. In igiyar sabuwa ce, za ka ɗaga damin, ka aza wa jaki, ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba. In damin ya daɗe, igiya ta ruɓe, kana ɗagawa sai ya watse. Haka zaren gado yake yi. Da ƙulli ya saki, sai rabo ya karkace: ƙwai ya tashi da zare 24, ko 22.

Akwai ƙarin abubuwa. A cikin ƙwai akwai dubban ƙananan murahu da ke ba shi ƙarfin aiki, ana kiran su mitokondiriya. Da tsufa wutarsu tana raguwa, rabon zare kuwa aiki ne mai cin ƙarfi. Ƙwai kuma yana da hanyar ɗinke zarensa in ya tsinke, ita ma tana rauni. Naman gidan ƙwai kansa yana ƙara tauri.

Ƙwan da lissafin zarensa ya karkace, abu uku ke samunsa. Galibi ba ya kamawa ko kaɗan, haila ta zo kamar kullum. Ko ya kama, bayan wata 2 ko 3 a yi ɓari. Ko kuma, a wani lokaci, a haifi ɗan da zare 47. Wanda aka fi sani shi ne lalurar Dawun, inda zare na 21 ke zama uku maimakon biyu. Likitoci a birnin Paris suka gano haka a 1959. Yaron yana jinkirin tafiya da magana, wani lokaci da ciwon zuciya. Ga uwa mai shekara 25, ana samun wannan sau 1 cikin haihuwa fiye da 1,000. Ga mai shekara 40, wajen sau 1 cikin 100. A lura dai: 99 ɗin da suka rage ba su da ita. Kuma yaron da aka haifa haka ɗa ne kamar kowa, ba ɗan ruwa ba ne, ba alhakin uwarsa ba ne. Yana koyo in aka yi haƙuri da shi.

Ga yadda abin yake a lissafi. Cikin mata 100 masu shekara 30, masu lafiya, da ke neman ciki, wajen 20 ke samu a wata guda. Cikin masu shekara 40, ba su cika kai 5 ba. Ɓari kuwa yana samun ciki 1 cikin 10 ga masu shekara 25 zuwa 29. Ga waɗanda suka kai 45, fiye da rabi. Gangarowar tana farawa a hankali bayan shekara 30, tana ƙara sauri daga wajen 37.

Ta yaya aka tabbatar ƙwai ne ke tsufa fiye da mahaifa? Tun 1978, da aka haifi jaririya ta farko a Ingila ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, likitoci suna iya duba ƙwai da idonsu. A ƙasashen da ake ba wata mace ƙwan wata, an ga mai shekara 45 tana ɗaukar ciki kusan kamar yarinya, in ƙwan na mai ƙuruciya ne. Ba muna kiran kowa ga wannan aiki ba, malamanmu ba su yarda da shi ba. Hujjar da ke cikinsa kawai muka ɗauka: gonar tana da sauran ƙarfi, iri ne ya gaji.

Alamomin da jiki ke bayarwa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar gaɓa, girmanta kamar ƙwayar wake. Kowane wata tana aika saƙo ta cikin jini zuwa gidan ƙwai: a nunar da ƙwai. Irin wannan saƙo na cikin jini shi ake kira hormon. Jakunkunan ƙwai su ma suna mayar da nasu saƙo: mun ji, a sassauta. In jakunkuna suka yi kaɗan, amsarsu sai ta yi rauni. Gaɓar nan sai ta ƙara ɗaga murya, kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona.

Wannan yana jawo abubuwa biyu da mata suka sani. Na farko, ƙwai yana nuna da wuri, sai haila ta riƙa matsowa: mai ganinta bayan kwana 28 ta koma 25 ko 26. Na biyu, saboda ƙarfin kiran, wani lokaci ƙwai biyu ke fitowa tare. Shi ya sa tagwaye marasa kama da juna suka fi zuwa ga mata masu shekara 35 zuwa 39 fiye da ƴan mata.

Daga baya haila ta rikice. Ta zo wannan wata, ta tsallake biyu. Zafi ya riƙa taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, ga zufa da dare, ga ƙarancin barci, ga bushewar gaba. Duk saboda raguwar hormon ɗin gidan ƙwai ne. In aka yi wata 12 cur ba haila, to ta ɗauke ke nan. Ga yawancin mata, wannan yana zuwa tsakanin shekara 45 da 55.

A wannan tsakani ana yawan kuskure iri biyu. Wata ta ga haila ta tsallake, ta ce ta gama, ta bar kiyayewa, sai ga ciki a shekara 46, jiki kuwa ya gaji, ga hawan jini. Wata kuma ta ga ba haila, ta ce ciki ne ya kwanta, ta yi shekara 2 tana shan saiwoyi don a tashe shi. Awon fitsari, ko hoton ciki da ake kira eko, yana raba gardama a yini guda. Wadda hailarta ta ɗauke shekara guda, sannan ta sake ganin jini, ta tafi gidan likita ba da jinkiri ba. Wannan jini ba haila ba ne.

Abin da ke gaggauta shi

Gado yana da hannu: in hailar uwa ta ɗauke da wuri, ta ɗiyarta ma tana iya yin haka. Shan sigari yana kashe ƙwai, yana matso da ɗaukewar haila da shekara 1 zuwa 2. Maganin ciwon daji mai ƙarfi, da aikin fiɗa a gidan ƙwai, su ma suna rage shi. Mace 1 cikin 100 hailarta tana ɗaukewa tun ba ta kai 40 ba. Irin wannan tana bukatar likita, domin ƙasusuwanta suna iya yin rauni.

Har yau ba a samu maganin da ke mayar da ƙwai cikin rumbu ba, ko na ƙulli, ko na kwalba, ko na Turawa. Mai talla a kasuwa da ya ce yana wanke mahaifa, tsohuwa ta koma yarinya, kuɗinki yake so. Abinci mai kyau yana taimakon jiki ya riƙe ciki lafiya, amma ba ya ƙara ƙwai ko ɗaya.

Kada a juya maganar

Wani zai karanta wannan ya ce: ashe gara a aurar da yarinya tun tana 13, kafin rumbu ya ragu. Wannan mummunar fahimta ce. Mai shekara 20 tana da ƙwai dubu ɗaruruwa, alhali ƙwai guda ake bukata ga kowane ciki. Yarinya ƙarama kuwa ƙugunta bai buɗe ba. Naƙuda tana daɗewa, ɗa ya mutu, ita ta tashi da yoyon fitsari. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, yana karɓar irin waɗannan mata, da yawansu an aurar da su da ƙuruciya. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna ƙwan yarinyar da ba ta daɗe da balaga ba shi ma yana yawan kuskuren rabon zare. Ɗanyen iri da tsohon iri duk ba su kai nunanne ba. Lokacin da ya fi dacewa da jikin mace shi ne daga wajen shekara 20 zuwa 35. A cikin shekarun nan akwai filin haihuwa da hutu tsakani, ba tare da kwanika ba.

Yaushe za a tafi likita?

Ba kowane rashin haihuwa ne na shekaru ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. A ƙasashenmu, babban dalili ga mata shi ne toshewar hanyar ƙwai. Ciwon sanyi da ba a yi wa magani ba yana toshe ta. Haka ƙazantar da ke shiga jiki wajen haihuwa ko bayan ɓari. Tsargiya ma, da ake ɗauka a ruwan tabki, tana taɓa mahaifa da hanyoyinta. Waɗannan ciwace-ciwace suna da magani in an tare su da wuri, miji da mata tare.

Sannan a wajen rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, namiji yana da nasa kaso na matsalar. Ƙarfin kwanciya ba ya nuna ƙwayoyin maniyyi suna da yawa ko suna da rai. Awon namiji ya fi na mace sauƙi da arha. Abin takaici ne a ga mace ta sha magani shekara 8, an yi mata kishiya biyu, su ma shiru, maigida kuwa bai taɓa taka gidan likita ba. A cikin shekarun nan 8, rumbunta bai jira kowa ba.

Ga ƙa'idar da likitoci ke bi. In mace ba ta kai shekara 35 ba, ana tare da miji, aka yi shekara 1 ba ciki, su tafi su biyu. In ta wuce 35, wata 6 ya isa. In ta kai 40, kada a jira. A fara da gidan likita na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku cibiyar lafiyar uwa da ɗa ta Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. A manyan wuraren nan ana duba gidan ƙwai da eko, a ƙidaya jakunkunan da suka farka, a kuma duba ko hanya a buɗe take.

Abu na farko da ungozoma ko likita za su tambaya shi ne shekarunki, da ranar da kika ga haila ta ƙarshe. Ki tafi da takardar haihuwa in kina da ita. In babu, ki tuna da wani abin da ya faru a shekarar da aka haife ki, ko shekarar aurenki. Tun da yanzu kin iya rubutu, ki samu ɗan littafi. Duk wata ki rubuta ranar da haila ta fara, da yawan kwanakin da ta yi. In an taɓa ɓari, ki rubuta watan, da wata nawa cikin ya kai. Ki riƙe littafin nan a hannu ranar da za ku tafi.